Masikon hannu na takarda 400: abin da na gani cikin shekara biyu a shagona na Garwa

Sana'ata yin katunan gayyatar biki da na suna, da ƙananan littattafan rubutu, da takardun da masu turaren wuta da masu yaji suke mannawa a jikin kwalabensu, kuma shagon nawa yana unguwar Yelwa a Garwa. Na daɗe ina yanka da reza da rular ƙarfe, takarda biyar biyar, har ranar da wata hajiya ta kawo aikin katin auren 'yarta guda 600, na kwana ina yanka, da gari ya waye na jera katunan na ga babu guda goma da tsawonsu ya zo daidai. Daga nan na ƙudurta sayen injin yankan takarda mai nauyi, wanda mu a nan muke kira masiko. Sunan ya samo asali ne daga wani Bafaranshe, Guillaume Massiquot, wanda ya yi rajistar irin wannan inji a 1844, kuma har yau idan mutum ya shiga kantin kayan ofis a Garwa ko Marwa ko Injamena, da wannan suna zai tambaya a gane abin da yake nufi.

Sai dai sunan yana ruɗar mai saye, domin abubuwa uku daban ake kira da shi. Akwai mai doguwar wuƙa kamar adda wadda ake ɗagawa a sauke, akwai mai ƙaramar wuƙa zagayayya da ke gudu a kan sanda, sannan akwai wanda nake magana a kansa, mai ƙarfen da ke danne takardu tukuna kafin wuƙa ta sauko musu gaba ɗaya. Na farkon biyu na takardu kaɗan ne. Na ukun shi ne na mai aiki da yawa, kuma nawa irin wanda ake kawowa daga China ne, ba ya ɗauke da sunan wani kamfani a jikinsa, bakinsa yana karɓar faɗin takardar A3, an kuma rubuta a kwalinsa cewa yana yanka takarda 400 a sara ɗaya. Na ga na Jamus, irin su Ideal da Dahle, a wata maɗaba'a, kuma ko a hannu mutum zai ji bambancin ƙira, amma kuɗinsu ya ninka na nawa sau da yawa, ga kuɗin ɗauko su daga Duwala a bi da su ta Ngaundare kafin su iso nan.

Wannan lamba ta 400 ita ce abin da mai kanti ya fi nanata mini, kuma ita ce abin da ya fi kowanne ƙarancin amfani. Lissafinta a fili yake. Takardar ofis mai giram 80 kaurinta kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita ne, saboda haka guda 400 suna tashi santimita 4, wanda shi ne iyakar buɗewar bakin injin. Abin da lambar take faɗa shi ne takardun za su shiga, ba ta ce za su fito da gefe mai kyau ba. Na gwada cika bakin sau da yawa a watannin farko, kuma injin yana yankawa, amma sai na ɗora dukkan nauyina a kan hannun injin da ke sauke wuƙar, teburin yana motsi, kuma idan na auna sai in tarar takardun sama da na ƙasa sun bambanta da kusan milimita ɗaya. Yanzu ram ɗaya na takarda 500 kashi biyu nake raba shi, kuma a 250 wuƙar tana wucewa kamar ana yanka sabulu. Kwalin kati mai giram 300 kuwa ba na wuce 60, domin ban da kaurinsa ya fi takarda taurin kai a ƙarƙashin wuƙa.

Abin da ya kamata mai saye ya tsaya a kansa shi ne ƙarfen dannewa. Wuƙar masiko gefe ɗaya kawai aka wasa ta, bayanta a miƙe yake, gabanta a karkace, kuma yayin da take sauka karkataccen gefen yana ture abin da aka yanke zuwa gaba. Idan ƙarfen bai riƙe takardun tamau ba, wuƙar tana jan na sama kafin ta kai na ƙasa, sai gefen ya fito a gicciye. A nawa injin, ana sauke ƙarfen ne da wani zagayayyen mariƙi da ke sama, ana murza shi har ya tsaya, kuma a nan ne na fi yaba masa, domin dannewarsa daidai take daga wannan gefe zuwa wancan. Na ga wani irinsa a shagon wani abokin sana'ata wanda ƙarfensa ya fi dannawa a dama, kuma duk yadda ya yi hattara littattafansa ba sa fita daidai. Hanyar ganewa a kanti mai sauƙi ce: a sa takarda ɗaya a hagu, ɗaya a dama, a murza ƙarfen ya sauka, sannan a ja kowace. Idan ɗaya ta zare ɗaya ta ƙi, a bar wannan injin a nemi a buɗe wani kwali.

Abu na biyu shi ne madogarar baya, wato ƙarfen da takardu ke jingina da shi, wanda ake matsarwa gaba ko baya don a sami tsawon da ake so. Ranar da na je saye, wani dattijo da ya yi shekaru yana aikin ɗab'i ya raka ni, kuma shi ya hana ni biyan kuɗi da gaggawa. Ya ce wa mai kantin, "Alhaji, a ba mu takarda hamsin mu gwada, idan sun lalace ni zan biya." Ya yanka su, ya raba su biyu, ya kifa rabi a kan rabi, sai ga gefen ya fito da ɗan tudu. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, ka ga wannan? Kifawar da na yi ta ninka kuskuren sau biyu, shi ya sa ido ya gan shi." Na ce, "Baba, to mu fasa ke nan?" Ya ce a'a, ya karɓi sifana ya sassauta notin da ke riƙe madogarar, ya daidaita ta da rular kusurwa, ya sake gwadawa har sau uku kafin gefen ya zama sumul. Tun daga ranar nake maimaita wannan gwaji duk farkon wata, domin madogarar tana gocewa a hankali, kuma wannan shi ne babban aibin injin a wurina. Ma'aunin da aka manna a jikin teburinsa ma bai cika daidai ba, don haka da rular ƙarfe nake aunawa daga bakin wuƙa idan zan raba A4 zuwa A5, wato milimita 148 da 210, ko zuwa A6 mai 105 da 148.

Akwai ayyukan da bai dace da su ba, kuma gara a sani tun kafin a saya. Hoto ɗaya ko takarda ɗaya ba ya yanka su da kyau sai an yi musu shimfiɗa da murfi na tsohon kwali, kuma mai wannan aiki ƙaramin inji mai zagayayyar wuƙa ya fi masa. Ƙananan abubuwa ma suna ba da wahala, domin madogarar ba ta matsowa kusa da wuƙa sosai. Katin sana'a mai milimita 85 da 55 yana yiwuwa, amma takardun kwalaben turare da suka fi shi ƙanƙanta sai da na sa kafinta ya fere mini wani katako mai kusurwa daidai, ina sa shi tsakanin madogara da takardun. Takarda mai gam a baya tana barin danƙo a jikin wuƙa, kuma idan ba a goge shi da alkol nan take ba zai ɓata aikin da ya biyo baya.

Wuƙar ita ce ran injin, kuma a kanta na yi asarar da ta fi yi mini ciwo. A lokacin komawa makaranta a watan Satumba nakan tattara ragowar takardu in ɗinka ƙananan littattafai masu araha, wanda iyayen yara suke saye sosai. Wata rana yaron shagona ya sa wani ƙunshi da bai cire ƙananan wayoyin ɗinki ba, waɗanda muke kira agaraf, kuma sara ɗaya ya isa ya yi wa wuƙar giɓi biyu. Giɓin da ido da ƙyar yake gani sai ya riƙa barin layi a gefen kowane littafi daga sama har ƙasa. Na kai ta wurin wani mai wasa wuƙaƙe a kasuwa, ya ɗora ta a kan dutsensa mai juyawa, kuma da ta dawo tana da kaifi ƙwarai amma bakinta ya daina zama a miƙe, tsakiya tana yankawa, gefuna suna barin takardun ƙasa a haɗe. Wuƙar masiko tana bukatar injin wasawa mai shimfiɗaɗɗen gado wanda ke cin ƙarfen daidai daga farko zuwa ƙarshe, ana zuba masa ruwa don kada zafi ya kashe taurinsa. Na yi mako uku injin yana ajiye kafin a kawo mini sabuwa. Shawarar da nake ba duk wanda ya tambaye ni ita ce ya sayi wuƙa ta biyu a ranar da ya sayi injin, kuma idan mai kanti ya ce ba ya kawo ta, wannan kaɗai dalili ne na zuwa wani kanti.

A ƙarƙashin wuƙar akwai wata jar sandar roba mai gefe huɗu wadda bakin wuƙa ke sauka a kanta. Idan takardar ƙarshe ta fara ƙin yankuwa, yawanci ba wuƙar ce ta dakushe ba, ramin da ta haƙa a robar ne ya yi zurfi. Ana zare sandar a juya ta zuwa wani gefe, kuma da yake wuƙar ba a tsakiya take sauka ba, ana iya juya kai zuwa gindi a sake amfani da kowane gefe, wato wuri takwas ke nan a sanda ɗaya. Mutane da yawa ba su san haka ba, sai su riƙa ƙara sauke wuƙar da noti, tana ƙara nitsewa a robar, tana ƙara dakushewa.

Yanayin garinmu yana da nasa hukunci a kan wannan inji. Da hunturu ƙura tana shiga ko'ina, kuma idan ta haɗu da giris sai ta zama kamar yashi a cikin gaɓoɓin hannun, saboda haka na ɗinka masa riga ta atamfa mai kauri, nake kuma goge tsohon giris kafin in sa sabo. Da damina kuwa laimar da ke tasowa daga kogin Binuwai tana sa wuƙa tsatsa cikin 'yan kwanaki idan ba a shafa mata man keken ɗinki ba, takarda ma tana shan danshi ta yi laushi, gefenta ya fito da gashi. A watan Agusta nakan rage yawan abin da nake sawa, in kuma bar ram a cikin ledarsa har lokacin yanka. Babbar fa'idarsa a nan ita ce ba ruwansa da lantarki. A watannin zafi, Maris da Afrilu, lokacin da wuta take yawan ɗaukewa, na sha ganin masu injin lantarki sun zo shagona da takardunsu a ka.

Wani aiki da ban yi tsammaninsa ba ya zo mini daga malaman allo. Masu rubuta Alƙur'ani da hannu ba sa ɗinke shi, warƙa warƙa ake barinsa a ajiye cikin gafaka, kuma idan warƙoƙin ba su zo daidai ba gefunansu suna lanƙwashewa su yage da daɗewa. Wani malami ya kawo mini farar takarda mai kauri a yanka masa kafin ya fara rubutu, kuma na yi masa a hankali, kaɗan kaɗan, da kwali a sama don kada ƙarfen dannewa ya bar shaida. Da ya jera su ya shafa gefen da tafin hannunsa, ya sa mini albarka, kuma tun daga lokacin almajiransa suke zuwa. Wannan aikin na fi jin daɗinsa a kan duk katunan biki.

Game da haɗari, injin yana da sakata da ke kulle hannun a sama, kuma ba ya sauka sai an zare ta da ɗaya hannun. Sakatar tawa ta fara sassautawa bayan shekara guda, har na sa maƙeri ya canza mata sifirin. Ba na yarda mutum biyu su tsaya a kansa, ɗaya yana gyara takarda ɗaya yana riƙe da hannu, kuma da katako ake tura takardu a ƙarƙashin wuƙa, ba da yatsa ba. Idan zan tafi sallah nakan sauke wuƙar ƙasa in ɗaure hannun da sarƙa da kwaɗo, domin yaran maƙwabta suna shigowa shagon, kuma wuƙar da ke ratsa takarda 250 ba za ta ji yatsan yaro ba.

Ga mai ƙaramin shago irin nawa, wanda ke yanka ram biyu ko uku a rana, injin ya biya kuɗinsa tun a kakar bukukuwa ta farko, kuma da zan sake saye shi zan saya, da sharaɗin a gwada shi a gabana. Wanda aikinsa ya kai na maɗaba'a, yana yanka daga safe zuwa dare, gocewar madogarar za ta gajiyar da shi, gara ya tara kuɗi ya nemi na Jamus ko da wanda aka yi amfani da shi ne. Kowanne aka saya, a sa kafinta ya yi masa tebur mai ƙafafu masu kauri wanda tsayinsa bai wuce ƙugu ba, a ɗaure injin da noti a jikinsa, domin a kan teburin roba ko na ofis rabin ƙarfin mai yanka a girgiza yake tafiya.