Ram 2500 da na ɗauko daga Yamai, wata bakwai ke nan tana hannuna

Salamu alaikum ƴan uwa. Tun da na sayi wagga mota mutane ke tare ni a bakin kasuwar Tawa suna tambaya wai da gaske ne bayanta babu lam, wato jerin ganyayen ƙarhen nan masu ɗauke da nauyin mota, wasu har sai sun duƙa sun leƙa ƙarƙashi kahin su yarda. Eh da gaske ne, Ram 2500 ce ta 2016 mai injin gazuwal na Cummins 6.7, kuma tun daga 2014 kamfanin ya cire ma 2500 lam na baya ya sa mata resor mai murɗi irin na ƙananan motoci amma ƙato. Babbar yayarta 3500 ita tana nan da lam ɗinta, haka Ford F-250 da Silverado 2500 duk lam ne, kamar dai Land Cruiser 79 da Hilux da munka saba da su nan.

Shekara goma sha ɗaya ina jan bashe mai lam, albasa nake ɗauka daga wajen Galmi da Tamaske, wani lokaci gero ko siminti. Duk wanda ya ja irinta ya san in da kaya lahiya lau take tahiya, in ko babu kaya ka hau laterit mai tol ondile, wato hanyar da ta yi kunya-kunya kamar kwanon rufi, to bayan motar tsalle yake kamar ɗan akuya, haƙoranka na karo da juna. Na ɗauka haka Allah ya yi motar kaya, ban taɓa tunanin akwai wata hanya ba.

Abin da ya sa nake wanga rubutu ma Inna ce. Tana da ciwon baya shekaru, kuma duk sanda za a kawo ta likita daga ƙauyenmu can bayan Keita sai mun shimfiɗa mata katifa da matasai, duk da haka in munka iso Tawa sai an kama ta mutum biyu kahin ta sauka, kwana biyu tana kwance tana jinyar hanya ba ma ciwon da ya kawo ta ba. Har ta kai ga in ta ji ance ranar likita ta yi sai ta ce ita ta ji sauƙi a bar ta. Sati na uku da sayen motar na je ɗaukarta, babu kaya a baya sai buhun gero guda da ƙwaryar nono da ƙanwata ta ɗaure da tsumma ta riƙe a cinya. Munka hito ƙauye, munka bi ta wurin duwatsun nan da ruwan damina ya zaizaye, ina ta kallon Inna ta madubi ina jiran in ji ta ce wayyo bayana kamar kullum. Shiru. Munka hau tol ondile ɗin da ke karya min zuciya, motar ta bi ta kai tana ɗan lilo kaɗan kawai, na sake duba madubi sai na ga kan Inna ya jingina da gilashi bakinta a ɗan buɗe, carbi ya zame a hannunta. Barci take! Wallahi sai da idona ya ciko, na rage rediyo na ce ma ƙanwata kada ta yi magana. Da munka iso ƙofar likita ita ta buɗe ƙofa da kanta ta ce "ɗan nan har mun zo? Allah ya yi maka albarka." Nonon ma tsumman ko jiƙewa bai yi ba.

Daga baya makanikena ya ɗaga ta ya nuna min yadda abin yake. Lam aiki biyu yake yi, shi ke ɗauke da nauyi kuma shi ke riƙe da pon ɗin baya, ƙarhen da ya haɗa tayun baya biyu, kada ya goce, don haka dole a yi shi da tauri, ga ƙarahunan suna gogar juna, ƙaramin rami ba ya ma motsa su sai dai ya wuce kai tsaye cikin ƙashin bayanka. A wagga kuwa resor nauyi kawai yake ɗauka, pon ɗin hannuwa biyar ke riƙe da shi, huɗu a tsaye gaba da baya, guda a gicciye mai hana shi zamewa gefe. Ya kuma ce in ba kaya in daina cika tayun baya kilo 5 da rabi, wannan iskan na ranar kaya ne, na rage na ga ta ƙara laushi.

To amma bari in faɗi abin da ke cina a rai, don har yanzu in na tuna raina ɓaci yake. Dillalin da ya sayar min a Yamai ya dafa ƙirjinsa ya ce Alhaji wannan ton biyu take ɗauka tana dariya, kuma ya ce amotisa, masu hana mota lilo, sabbi ne shi ya sa da hannunsa. Na yarda da shi don wani ɗan uwa ne ya haɗa mu. Lokacin albasa na loda mata buhu 15 daga Galmi, tun kahin mu kai Tsernawa na ji bayan ya zauna, duk kwana sai ta yi wani irin rangaji kamar jirgin ruwa, babbar mota ta wuce mu iskanta ya kusa kai mu gefen gudro, yaron motata sai salati yake. Da na iso munka karanta takardar da ke manne jikin ƙofar direba, ashe iyakar nauyin da anka yarje mata duka da ita da mutane da kaya kilo 4,500 da ɗoriya ne, injin gazuwal ɗin nan kuma shi kaɗai ya cinye kaso mai yawa, abin da ya rage na kaya ton ɗaya ne da ɗan wani abu. Amotisan da ya ce sabbi, na wata mota ne daban anka fesa ma fenti, guda har ya zubar da mai. Na kira shi ya hi sau goma, farko ya ce yana Lome, daga baya ya daina ɗauka.

Nan ne na gane inda lam ya hi. Da tsohuwata ce sai in tsaya Badagishiri a ƙara min ganye guda ko biyu in ci gaba da tahiya, kowane garaji ya san aikin, lam na okaziyo kuma ga su nan zube. Wagga ko hannuwa biyar ɗin nan kowane da silanblok, wato robar mahaɗi, a bakinsa biyu, biyu daga ciki nauyin da na ɗora ya murƙushe su, na zagaye Tawa na aika Konni na sa an duba Katako a Yamai babu, sai da anka yi min oda daga waje, kwana 26 motar na ajiye ƙarƙashin bedi lokacin da albasa ke kuɗi. Asarar da na yi a kwanakin nan ba na son lissafa ta.

Yanzu an sa mata amotisa nata na asali da silanblok sabbi, buhu 8 nake ɗora mata ba na wucewa, in kaya sun yi yawa sai in ɗauki hayar kamiyo ko in yi sawu biyu, gazuwal kuma kun san kuɗinsa. Wanda sana'arsa lodi ne har sama kullum, ni ban ba shi shawarar 2500 mai resor ba, ya nemi 3500 ko ya tsaya kan mai lam da ya sani. Wani abokina daga Abalak ya taya ta da kuɗi mai kyau satin da ya wuce, na kwana ina tunani har na kusa cewa na sallama. Da sahe ƙanwata ta bugo waya ta ce ranar likitan Inna 12 ga wata ne, kuma ita Inna da kanta ta tuna musu, ta ce a gaya ma ɗan nan ya zo da farar motar. Na kira abokin nawa na ce ya yi haƙuri.