Laptop tokunbo: ThinkPad, MacBook ko tsohuwar Toshiba?

In za ka shiga kasuwar Farm Centre a Kano neman laptop tokunbo, wato na hannu da aka shigo da shi daga waje, waɗannan ukun za ka yi ta cin karo da su, kuma kowacce halin gidansu take bi tun asali.

Toshiba dai kaka ce, T1100 ɗinsu ta 1985 na cikin waɗanda suka buɗe kasuwar laptop a duniya. Amma a 2018 sun sayar wa Sharp sashen kwamfutarsu, suna ya koma Dynabook, don haka wadda ka gani da tambarin Toshiba ta sha miya, batirinta ma wahalar samu gare shi. Ka wuce kawai.

MacBook ta kamfanin Apple jikar PowerBook ɗinsu ce ta 1991, wadda ta tura kibod baya ta bar wurin ɗora hannu, dubi taka yanzu ai haka take. In aljihunka da nauyi, MacBook ta 2020 mai furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) M1 ba laifi, batiri na kai ka nesa ko ba wuta. Matsalarta RAM, wato ma'adanar da kwamfuta ke riƙe aikin da take kai, a liƙe take da bod ɗin ciki ba a ƙarawa, ranar da ta lalace kuma kuɗin gyara sai ya sa ka gumi, sannan ka guji MacBook Pro na 2016 zuwa 2019, kibod ɗinsu ɗan ƙura kaɗan ya shiga sai harafi ya maƙale.

Ni wallahi ThinkPad nake nuna wa ɗalibi. Tun 1992 da IBM ta fito da 700C, baƙa wuluk da ɗan jan maɓallin nan a tsakiyar kibod, don ma'aikatan ofis aka yi ta, masu jibgarta kullum, kuma ko da Lenovo ta saye sashen a 2005 ba ta watsar da tsarin ba. Ɗauki T480 ta 2018, ka kwance sukurori ka ɗaga murfin ƙasa ga ramin RAM biyu a gabanka, batirin baya kuma da hannu kake zare shi ka sa wani, mai gyaran unguwa ma zai iya mata.

Kafin ka biya ka duba furosesa, in ta kamfanin Intel ce ka tabbatar ta kai zubi na 8 (8th Gen), don Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun Oktoba 2025, Windows 11 kuma ba ta karɓar yawancin na ƙasa da haka. Ka cire caja a gaban mai shago ka ga yadda batiri ke sauka, ka buɗe murfin ka rufe a hankali ka ji ko hinjin ya yi sako-sako.