Gargaɗi ga masu tara mutum-mutumin jaruman fim: an damfare ni naira 640,000

Jama'a, duk wanda yake harkar tara mutum-mutumin jaruman finafinai, irin na kamfanin Hot Toys ɗin nan masu ma'aunin 1/6, wato kashi ɗaya cikin shida na girman mutum, ya tsaya ya karanta wannan. Akwai wani mutum da yake tallan kaya a Instagram da wani zauren WhatsApp, yana cewa a Legas yake zaune, kayansa kuma daga Hong Kong suke zuwa ta hannun wakilinsa da ke Guangzhou. Ya ci min naira 640,000. Naira 640,000, kuɗin gumina, ya turo min jabu a cikin kwalin gaske, yanzu kuma ya toshe ni ta ko'ina. Raina a ɓace yake, idan zancen ya hau juna ku yi haƙuri.

Kada wani ya zo min da maganar sakaci. Ba yau na fara ba. Shekaru ke nan ina tarawa, na san kamfanin Hot Toys na Hong Kong ne, an kafa shi a 2000, na san kamfanin Sideshow ne ke rarraba kayansu a Amurka, na san sabo yakan kama daga dala 250 zuwa sama, masu jikin ƙarfe irin na Iron Man su haura dala 400. Na san yadda rigar fatar roba take ɓarewa idan ta sha zafin garin nan, shi ya sa nawa suke cikin kabad ɗin gilashi inda rana ba ta kaiwa. Idan aka ajiye min na gaske da na jabu, daga bakin ƙofa zan nuna maka. Abin da yake ci min rai ke nan. Ba idona ya yaudara ba, na gaske ya nuna min.

Mutum-mutumin Joker nake nema, mai lamba DX11, wato mugun fim ɗin The Dark Knight na 2008, mai fuskar jarumin da ya fito a matsayinsa, Heath Ledger. Wanda yake cikin harkar ya san ya fi shekara 10 da fitowa, an daina yin sa, sai dai a hannun wani. Ga wahalar biya da dala, ga kuɗin jirgi, ga kwastam, ga fargabar kwali ya iso a lotse. To sai ga mutum yana cewa yana da shi a nan cikin Najeriya, cikakke, da kawunansa biyu, da teburi da kujerar ɗakin tambayoyi, da ankwa da katunan karta, komai. Wa zai ƙi tsayawa ya saurara?

Na ce ya kira ni ta bidiyo. Ya kira. Wannan kiran shi ne yake ta dawo min. Ya ɗora shi a kan teburi, ya kusanto da wayar har na ga layukan goshi inda farar kwalliyar ta tsattsage fata ta leƙo, na ga baƙin da ya zagaye ido ya ɗan gangaro, na ga tabon gefen baki. Na ce ya buɗe bayan kan. Ya cire gashin ƙeya, ga ɗan sandan nan da ake juya ido da shi, ya motsa, idanun biyu suka tafi hagu tare suka dawo. Wannan ai shi ne alamar jerin DX, wato samfuran Hot Toys masu wannan lambar, masu jabu ba sa ɓata lokacinsu a kai. Na ce ya rubuta sunana da kwanan wata a takarda ya ajiye kusa da shi. Ya rubuta. Ku faɗa min me kuma ya rage da mai hankali zai tambaya?

Sannan ya yi min Hausa. Da Turanci muka fara, da ya ga sunana sai ya juya harshe, ya ce, "Haba Yallaɓai, ashe na gida ne. Wallahi ba zan ci amanarka ba, ni ma ɗan Arewa ne, neman abinci ya kawo ni Ikko." Saƙon muryar yana nan a wayata. Na sake saurare har na haddace inda ya ja numfashi kafin ya ce wallahi. Ya rantse da Allah a kan naira 640,000.

Na tsallake wani abu. Tun kafin maganar Joker na taɓa sayen kaya a wurinsa, ƙananan abubuwa, sandar tsayarwa guda biyu da wasu hannuwa na canji, naira 38,000. Sun iso lafiya, na gaske ne, har ya ƙara min 'yan maƙalan wuyan hannu kyauta. Yanzu na gane tsaba ya watsa min. Amma a lokacin fa? Mutum ya cika alkawari sau ɗaya, ga shaidar mutane a shafinsa, ga hotunan kwalaye jibge a bayansa. Haka kowa yake gwada ɗan kasuwa, da ƙarami ake farawa.

Kuɗin kashi uku na tura. Naira 300,000 kafin alƙalami, don ya ce wani daga Fatakwal yana nema. Sai naira 280,000 cikon. Sai naira 60,000 wai na naɗewa da katako da kuɗin mota. Ku haɗa: 640,000. Na ukun nan asusun da ya ba ni ba sunansa ba ne, ya ce na ƙaninsa ne mai kula da lodi a tasha. Na tambaya, ba wai ban tambaya ba. Kuma 'yan kasuwa nawa ne a Kwari da Sabon Gari za ka saya a wurinsu su ba ka asusun yaron shago? Kullum ana yi.

Farashin ma ba na banza ba ne da za a ce kwaɗayin araha ya ja ni. Da ya ce min naira 150,000 da na san ƙarya ce na wuce. Ya sa kuɗi daidai inda mai son rabuwa da kayansa zai sa, ƙasa kaɗan da abin da zan kashe in na yi odarsa daga waje. Har ciniki muka yi, ya ce albarka, na ƙara, ya sallama.

Da kayan suka iso tasha na karɓo, kwalin waje mai ruwan ƙasa daidai, kwalin ciki ma na asali ne, da nauyinsa da bugunsa. A mota har na kira shi na yi godiya. Na yi masa godiya! Ya ce, "Ba komai Yallaɓai, Allah ya bar zumunci." A gida na buɗe. Warin gam da roba ne ya fara duka na. Fuskar fari fat, shafe ɗaya, kamar an yi wa bango farar ƙasa, babu layin goshi ko ɗaya. Jan baki ya haura har kunci. Idanu fenti ne, ɗaya yana kallona ɗaya yana kallon gefe. Na juya ƙeya in buɗe, babu abin buɗewa, dunƙulen roba ne guda. Kwat ɗin shunayya yadinta sharara, ɗinki manya-manya, zare na reto a hannu. Na ɗaga shi gwiwoyin suka naɗe da kansu, na taɓa hannun dama maƙalin ya karye ya bar min tafin a yatsuna. Kai na biyu mai dariya babu. Teburi babu, kujera babu. Gurabensu an cusa tsohuwar jarida da wani guntun tayil don kwalin ya yi nauyi. Guntun tayil, a naira 640,000.

Na tura masa hotuna. Ya ce a'uzubillahi, yaransa ne suka yi kuskuren kwali, gobe zai turo na gasken. A'a, kafin nan ma sai da ya ce direba ne ya musanya a hanya, da na ce selotef ɗinsa yana nan yadda ya nuna min a hoto sannan ya koma kan yara. Daga baya ya ce mahaifiyarsa tana asibiti. Daga nan waya a kashe. Shafin Instagram ɗin ya canja suna, an cire ni daga zauren, mai kula da zauren kuma lambarsa ba ta shiga, ina kyautata zaton shi ne dai da wani layin.

Abin da ya ƙarasa ni shi ne wani bawan Allah daga Kaduna da ya nemo ni. Shi ma Joker ɗin aka nuna masa. Teburi ɗaya, labule ɗaya a baya, takarda ce kawai aka canja aka rubuta sunansa. Na gaske guda ɗaya ne da mutumin nan, shi yake nuna wa kowa, sannan ya sayo kwalayen asali da babu komai a ciki ya zuba jabu. Kwalin ma ana sayar da shi daban a intanet.

Kuma ga kunya. Wa zan kai wa kuka? Maiɗakina dama kallon 'yar tsana take yi musu, abokai kuma cewa suke yi ƙato da kai kana wasan yara. Yanzu in buɗe baki in ce naira 640,000 ta tafi a kan wannan? Ni na san aikin hannu ne, akwai masu sassaƙa da masu fenti da suke zama a kan fuska ɗaya har sai ta fito da ƙofofin gashi, shi nake biya wa kuɗi, kuma ban roƙi na kowa ba. Ban yafe ba. Allah ya isa tsakanina da shi.

Na sanar da bankina, na kai rahoto wurin 'yan sanda, takardar ƙorafin EFCC ma ana rubutawa. Lauya ya ce kada in saki suna da lambar asusu tukuna, shi ya sa ba ku gan su ba. Amma hotunan hirarmu, rasit uku, saƙon muryar da ya rantse, da bidiyon buɗe kwalin, duk zan ɗora su da zarar ya ba ni dama.

Kada ku biya sai kaya na hannunku ko hannun wanda kuka sani a garin, ya buɗe a gaban mai sayarwa. Kiran bidiyo ba hujja ba ne. Asusu ya canja suna, ku tsaya. Wanda aka nuna wa Joker DX11 a kan farin teburi da koren labule a baya, ya yi min magana ta akwatin sirri, muna haɗa sunaye don ƙorafin ya tafi tare.