Littafin koyon rada da na saya, shafi 16 babu

Watan jiya na sayi littafin nan mai shuɗin bango na masu fara koyon rada, wato na'urar da ke gano jirage daga nesa da igiyar rediyo. 'Yan ajinmu sun san shagon, sun kuma san kuɗin, kuɗin abincina ne na sati biyu cif.

Daren farko har na yi wa marubucin addu'a. Ina zaune a tsakar gida a unguwar Mabera ta Sakkwato, ba wuta, da fitilar waya, sai ga abin da ya daɗe yana ba ni wahala, wato yadda rada take aiki, ya warware. Ashe amsa-kuwwa ce kawai. Na'ura ta harba igiyar rediyo, ta bugi jirgi, ta dawo, a lissafa lokacin. Igiyar tana gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa, don haka in amsar ta dawo cikin kashi ɗaya bisa miliyan na daƙiƙa, jirgin yana nisan mita 150, tunda zuwa ne da dawowa. Tarihin kuwa a gurguje ya bi ta kansa: Bajamushe Christian Hülsmeyer da na'urarsa ta gano jiragen ruwa a 1904, sai gwajin Robert Watson-Watt a Ingila a 1935. Ban damu ba, ba tarihi na je nema ba.

Sai na kai shafi na 48, daidai inda aka fara gina babban lissafin rada. Na juya, sai na ga na koma shafi na 33. Na ɗauka barci ne a idona. Na murza ido, na ƙirga. An maimaita 33 zuwa 48, daga nan aka yi tsalle zuwa 65. Ba yagewa suka yi ba, haka aka manne shi.

Kwana uku bayan nan malam ya yi mana gwaji. Tambaya ta farko: in kana son rada ta hango ninki biyu na nisan da take gani, sau nawa za ka ninka ƙarfinta? Na rubuta 4 da gadara. Amsa 16 ce. Igiyar tana raunana a hanyar zuwa, ɗan abin da ya dawo ya sake raunana a hanyar dawowa, biyu sau biyu sau biyu sau biyu ke nan. Wannan bayanin yana cikin shafukan da ban samu ba.

Da rana tsaka na hau kabu-kabu na koma shagon. Na ce, "Alhaji, don Allah duba min nan." Ya ɗauko sauran guda ukun da suka rage, duk ciwonsu ɗaya. Ya ce, "Ɗalibi, haka munka samo su. Kuma ka riga ka ja mai layi da biro, mi kaka so in yi?" Ko sisi bai mayar ba.

Ba zan zalunci littafin ba dai. Babin Doppler ya yi daɗi, yanzu na san yadda na'urar auna gudun mota take aiki, sauyin saurin kaɗawar igiyar da ta dawo take karantawa. A nan ma na gane dalilin da ya sa hazon hunturu ba ya makantar da rada: ƙurar ta yi wa igiyar ƙanƙanta, ruwan sama mai ƙarfi ya fi damun ta. Amma ina tsakiyar jin daɗi sai ya ce a duba shafi na 57. Raina ya sake ɓaci.

Ga zafin Sakkwato ya narkar da gam ɗin, bango ya rabu da jiki. Na ari tsohon bugu wurin wani ɗan ajinmu na yi fotokwafin shafukan, na cusa su ciki, na ɗaure da robar ɗaure kuɗi. Takardun sun fi littafin tsawo, bakinsu duk ya nannaɗe a jaka.