Tsakanin "lispingly" da "with a lisp" wajen bayyana tsamin baki a Turanci

Mai tsamin bakin da Turawa ke kira "lisp" yakan tura harshensa tsakanin haƙoransa na gaba idan zai furta sautin s ko z, sai "sink" ta fito kamar "think", "sing" kuma ta koma "thing". Wannan daban yake da i'ina, inda maganar ke sarƙewa ko harafi ya yi ta maimaituwa.

Marubucin Turanci yana da hanyoyi biyu na nuna cewa wani ya yi magana haka. Ta farko ita ce kalmar bayanau "lispingly", wadda aka gina daga "lisping" da ɗafa-ƙeyar -ly, kamar a jimlar "The child answered lispingly". Tana siffanta yadda furucin ya fita a lokacin da aka yi shi, shi ya sa ta fi dacewa da labarin da ake son mai karatu ya ji muryar yaron da haƙoransa na gaba suka faɗi. Sai dai kalma ce ta littafi, da wuya a ji ta a hirar yau da kullum, kuma tana da nauyi a baki.

Ta biyu, "with a lisp", ita mutane suka saba da ita. Idan aka ce "He speaks with a lisp", ana nufin yanayin maganarsa ne na dindindin. A ganina ita ya kamata ɗalibi ya fara riƙewa, musamman idan ana batun wani mutum a gabansa, domin tana faɗin abin da yake akwai ba tare da kwaikwayon muryarsa ba.