Fanka, kula mai ruwa ko AC: duba garinku kafin ka fitar da kuɗi

Da zarar hunturu ya ja baya a ƙarshen Fabrairu, sai kasuwar kayan sanyaya ɗaki ta buɗe, kowa na tambayar wanne ya fi. Amsar tana garin da kake zaune, domin zafin Najeriya ba iri ɗaya ba ne. A Sakkwato da Maiduguri da Nguru, zafin Afrilu kan haura digiri 40, amma iskar busasshiya ce ƙayau. Ka shanya riga, kafin ka dawo daga masallaci ta bushe. A Legas da Fatakwal kuwa, da wuya ma'auni ya kai haka, sai dai iskar da ke tasowa daga tekun Atlantika cike take da laima, gumi ya fito ya ƙi bushewa. Fatakwal na samun ruwan sama fiye da milimita 2,000 a shekara, Sakkwato ko 800 ba ta cika kaiwa ba.

Ga mutumin Kano, Katsina, Yobe, Borno da Sakkwato, ni kula mai ruwa nake so, kuma ba na ɓoyewa. Aikinta irin na randa ne: ɗan famfo yana jiƙa wata raga ta kwali a bayanta, fanka ta jawo busasshiyar iska ta cikin ragar, ruwan ya tashi da zafin, sanyi ya fito. Da wannan hikimar Mohammed Bah Abba na Jigawa ya haɗa tukunya cikin tukunya don adana kayan miya, har ya samu kyautar kamfanin agogo na Rolex a 2000. Gwargwadon bushewar iska, gwargwadon sanyin da za ka samu, shi ya sa 'yan'uwanmu na Yamai da Damagaram da Agadas suka daɗe da riƙe ta. Wutar da take ci ba ta cika wuce wat 100 zuwa 200 ba, ƙaramin janareto ko sola da batir ɗaya sun ɗauke ta. Tana kuma rage kaushin iskar da ke fasa leɓe da hancin yara. Sharaɗinta biyu: a bar taga a buɗe, kada laima ta taru a ɗaki, sannan idan damina ta kankama daga Yuni, a kashe famfon ta koma fanka kawai.

Mutumin Abuja, Minna ko Lakwaja ya yi lissafi tukuna, domin can ruwa na sauka da wuri, lokacin amfaninta gajere ne. A kudu kuwa asarar kuɗi ce, laima za ka ƙara a kan laima. Can AC ce ke tsotse danshi, in kana da wutar ciyar da ita, don mai ƙarfin doki ɗaya ma tana neman wat 750 ko fiye. Fanka zalla a bazarar Maiduguri hucin wuta take watso maka. Na Jos da Mambila, fanka ta ishe su, ragowar kuɗin su sayi bargo.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe ido. Akwai wasu 'yan akwatuna da ake tallatawa a intanet da sunan ƙaramar AC, da hoton ƙanƙara da dusar sanyi. An taɓa sayar mini da ɗaya: tankin bai fi kofi biyu ba, abin da ke ciki ɗan soso ne, cikin mako ya fara warin gansakuka, mai kayan ya daina ɗaga waya. Duk abin da ake zuba wa ruwa ba AC ba ne, ko me aka rubuta a kwalinsa.

A shago ma kada ka yarda da gwajin da aka yi da ƙanƙara a tanki. Ka ce a zuba ruwan famfo. Sa a buɗe bayan ka taɓa ragar da hannunka. Ta kirki kauri gare ta, kusan faɗin yatsu uku, da ƙananan ramuka a jere, kuma ruwa na jiƙa ta daga sama har ƙasa. Idan rabi ya jiƙe rabi a bushe, famfon ba shi da ƙarfi. Wasu kan wanke tsohuwar kula su mayar da ita cikin kwali kamar sabuwa. Farin gishiri da ya daskare a gefen tanki shi ke tona musu asiri. Masu caji kuma, ɗaga batirin ka ji nauyinsa, mara nauyi ba ya kai ka tsakar dare. Tambayi ko ana samun famfo da raga na canji a garinku, domin ruwan rijiyar burtsatse mai gishiri yana toshe su. Ka karɓi rasit mai sunan shago, a rubuta kwanakin da za ka iya mayarwa, kuma a bar ta tana aiki a gabanka ko da na minti goma ne kafin ka ƙirga kuɗi.