Hagis a Sikotilan: kayan ciki a cikin leda

Masu tambaya daga gida ko Turawan nan suna cin kayan ciki, amsa ita ce suna ci, sai dai ba za ka gan su a tire a gaban mahauci ba. A babban kanti da wuya ka ga huhu ko tumbi ɗanye. An riga an dafa su, an niƙa, an ɗura a leda an rubuta hagis. Ana sayar da shi ƙulli-ƙulli, ƙarami bai cika rabin kilo ba, akwai yankakke fale-fale, akwai na gwangwani. Yana cikin nama mafi araha a kanti.

Asalin haɗinsa huhu da hanta da zuciyar tunkiya ne. A wanke su a tafasa kamar awa 2, a bar maƙogwaron a rataye a bakin tukunya da kwano a ƙasa, don dattin huhu ya fita ta can. In ya huce a niƙa, ba laushi ƙwarai ba. Kayan tunkiya ɗaya na ɗaukar albasa manya 2, kitsen ƙoda kamar giram 250, da tsakin hatsin ot kusan haka nan. Tsakin ake so, ba falle-fallen da ake damawa da safe ba, domin wancan yana caɓewa. A ɗan gasa shi a busasshen kasko har ya yi ƙamshi. Sai gishiri, masoro mai yawa, da romon tafasar daidai yadda haɗin zai jiƙa ba tare da ya yi ruwa ba.

Tumbin da za a ɗura a ciki ya kwana a ruwan gishiri mai sanyi, a kankare shi a juya. A nan yawancin masu koyo ke ɓata aiki: sai su cika shi fam. Ot yana kumbura, saboda haka a ɗura ya ɗan wuce rabi kawai, a matse iska, a ɗinke, a sossoke shi da allura. A dafa awa 3 a ruwan da ke motsi a hankali. In wuta ta yi yawa tumbin ya fashe, abin da za ka samu kunun nama ne. Wanda ya dahu daidai warwas yake kamar dambu, ga maiƙo ga yajin masoro.

Na kanti dafaffe ne, ɗumamawa kawai yake so. A naɗe shi da takardar alminiyom a sa a ruwan zafi kamar awa ɗaya ga ƙaramin ƙulli, ko a cire ledar a yanka a sa a maikurowef 'yan mintoci. Ana cinsa da dakakken dankalin Turawa da wani saiwa mai ruwan ɗorawa a ciki da suke kira nips. A ci da zafi, don in ya huce kitsen yana daskarewa a baki.

Ranar da ya fi kasuwa ita ce 25 ga Janairu, ranar haihuwar mawaƙinsu Robert Burns, wanda aka haifa a 1759 kuma ya yi wa hagis waƙa a 1786. A daren ana shigo da shi da busar algaitarsu mai jaka, a karanta waƙar, a farka shi da wuƙa. Wannan na biki ne. Cin yau da kullum ya fi haka sauƙi: yanki ɗaya a karin kumallo, ko a shagon kifi da dankali inda ake tsoma shi a kwaɓin fulawa a soya, ko a gidajen abincin 'yan Indiya da Pakistan na birnin Gilasgo da ke yin fakora da shi, wata suya tasu mai kama da ƙosai. Ba kowane gida ke dafa shi duk mako ba, akwai ma 'yan ƙasar da ba sa ci sam. Amurka kuwa ta hana sayar da abinci mai huhu tun 1971, don haka na asali ba ya shiga can.

Ga Musulmi akwai abin lura. Sunan tunkiya kada ya ruɗe ka, wasu kamfanoni huhu da kitsen alade suke sawa, sai ka juya ledar ka karanta. Ko na tunkiyar zalla ne, yawanci ba yankan Musulunci ba ne. Miyar da ake zuba masa a gidan abinci sau da yawa da giyar wiski ake yinta, kazar da ake cusa wa hagis ana naɗe ta da naman alade, a shagon suya kuma mai ɗaya zai iya soya komai. Mafita biyu ce. Akwai hagis marar nama, na ot da wake da karas da kayan lambu, wanda kamfanin Macsween na Edinbara ya fara fitarwa a 1984, yanzu kusan kowane babban kanti na da shi. Ko kuma ka je wurin mahautan halal, kamar na unguwar Pollokshields a Gilasgo. Hanta da zuciya ana samu kullum, huhu da tumbi sai ka yi oda tun da wuri. In tumbi bai samu ba, a zuba haɗin a kwano mai jure zafi, a rufe da kyau, a turara shi awa 3.